Labaran Aljanu da Matsafa a Hannun 'Ya'yanmu

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a Kakuri ko Makera ko Barnawa ya san ɗan littafin nan mai hoton ƙwarangwal da takobi a bango, wanda ɗalibai kan ɓoye cikin littafin lissafi. Akasari akan ƙwace shi ne ba tare da an buɗe ba. Ni na karanta da dama daga cikinsu, ga kuma abin da na gani.

Da farko dai, aljani ba baƙo ba ne a rubutaccen adabinmu. Gasar ƙaga labarai da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukkansu akwai aljanu a ciki. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Mu da muka tashi da waɗannan littattafai ba mu da bakin hana yaro labarin ban tsoro.

Bambancin yana ga yadda jarumi ke kuɓuta. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da wayo yake fita daga tarko, musamman a karonsa da Malam Zurƙe, sai can ƙarshen tafiya aljanu suka taimaka masa. A yawancin littattafan yaƙi da tsafi da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1990 kuwa, da zarar wuya ta kai wuya sai a murza zobe ko a zare takobin sihiri. Mai karatu bai sami abin da zai warware da hankalinsa ba. Darasin da yaro ke ɗauka shi ne, wanda ya fi babban boka shi ke da nasara.

Duk da haka ba zan tauye musu haƙƙi ba. Marubutansu sun iya riƙe mai karatu, suna yanke labari daidai inda zuciya ke bugawa don a nemi littafi na biyu. A unguwanninmu da suka cika da ƙabilu daban-daban tun buɗe masaƙar Kakuri a 1957, na ga yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ce sun ƙware da karanta ta ta wannan hanya.

Babban aibin da na fi jin tsoro shi ne wanda ake ɗora wa mugunta. Sau da yawa tsohuwa ce mai zaman kaɗaici, ko baƙon da ba a jin harshensa. A garin da rikicin shekarar 2000 ya mayar da kogi tamkar iyaka tsakanin maƙwabta, inda kuma zargin maita kan tara wa bawan Allah jama'a da sanduna, bai kamata a koya wa matashi zargin baƙuwar fuska ba.

Hani kaɗai ba magani ba ne. An ƙone littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a 2007, amma labaran ba su mutu ba, wayar hannu suka koma, ana karantawa ana kuma saurare. Shawarata ga malamai ita ce su karanta ɗaya tare da ɗalibai a aji, sannan su tambaye su: da me jarumi ya tsira, wa aka kira mugu, kuma da wace hujja? Daga nan sai a ɗora musu Ruwan Bagaja su gwada da kansu. Allah Ya shirya mana zuri'a.