Baƙar Wuƙar Mahautan Sabon Gari

A Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, rumfunan kayan girki cike suke da wuƙaƙe masu ƙyalli, na Sin da na Tramontina daga Birazil, kowace cikin ledarta. Amma idan ka ƙarasa wajen mahauta, abin da ke sauka a kan ƙashi daban ne: baƙar wuƙa mai kaurin baya, ƙotarta ta itace, wani lokaci an naɗe ta da robar taya, babu sunan kowa a jikinta. Ƙirar maƙeri ce. Me ya sa mutumin da abincinsa ke bakin wuƙa zai tsallake ta kanti, ya je ya durƙusa gaban zugazugi ya ba da aiki, ya jira kwanaki?

Masu son gargajiya za su ce kishin kayan gida ne. Ban yarda ba. Mahauci ba ya sayen kayan aiki don kishi, kuma Kano ba yau ta fara amfani da ƙarfen waje ba. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo birnin a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba na Solingen ta Jamus ta hanyar Sahara, a nan ake yi musu ƙota da kube. Bakano ya daɗe da sanin auna ƙarfe da aikinsa, ko daga ina ya fito.

Amsar tana cikin irin aikin da kasuwar ke buƙata. An kafa unguwar Sabon Gari a wajajen 1913, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, domin baƙin da suka zo daga Kudu. Har yau masu cefanen nan tukunyarsu ta sha bamban da ta cikin birni. Ga mai neman ƙafar sa a daddatse, ga mai son kan akuya a farfasa, ga wutsiya, ga ganda, ga daskararren kifi da kaji da ake sarawa tun ƙanƙara ba ta sake su ba. Wannan sara ne, ba yanka ba. Wuƙar kanti, wadda aka buga daga siririn falle domin albasa da tsoka, ba ta da nauyin da za ta ratsa gaɓa. Adda kuwa ta yi tsawo a kan gungumen da ke tsakanin mutane. Abin da ake so yana tsakani, kuma kowane hannu da nasa. Wani yana son nauyin ya taru a gaba domin ya faɗa da kansa, wani yana son baki mai ɗan lanƙwasa, bahago yana son a karkata washin ta ɓangarensa. Babu kamfanin da zai saurari wannan. Maƙeri yana saurara, har ya ɗora wa mai aikin ƙarfen a tafi ya ce, “Maigida, ji nauyin nan, a rage ko a bar shi?”

Sai dai kada a ruɗe da kalmar gargajiya, domin ƙarfen kansa ba na gargajiya ba ne. Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka fara zama a gindin Dala saboda tama, kuma binciken tono ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Wannan sana'a ta narka tama ta mutu a zamanin Turawa, kuma jirgin ƙasan da ya haifi Sabon Gari yana cikin abin da ya kashe ta, domin shi ya kawo ƙarfen Turai da tarkacen inji da araha. Littafin Philip Jaggar kan maƙeran birnin Kano, wanda ya fito a 1994, ya nuna yadda maƙeran baƙin ƙarfe suka rayu ta hanyar komawa ga irin wannan ƙarfe. Wuƙar saran yau, idan mai kyau ce, daga sifirin ɗin mota take, wanda aka tsinto wajen 'yan gwangwan ko a Ƙofar Ruwa. Maƙeri bai taɓa jin sunan kabon ba wataƙila, amma ya san sifirin yana karɓar ruwa, rodin gini ba ya karɓa yadda ake so. Masana ƙarfe za su ce dalili shi ne sifirin yana ɗauke da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, daidai abin da ake buƙata ƙarfe ya taurare ba tare da ya rasa juriya ba.

A nan gwaninta take, kuma a nan ake cutar mai saye. Bugu da masaba a kan uwar maƙera kowane almajirin ƙira zai iya, a fitar da siffa, a daidaita baki da magagari. Ban ruwa shi ne sirrin. Ana zuga wuƙar a gawayi, wanda aka fi so shi ne na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa, har ta yi ja, wajen digiri 800 a ma'aunin zafi, sannan a tsoma bakin a ruwa ko baƙin mai. A wannan lokaci ta yi taurin da sara ɗaya a kan ƙashi zai iya ɓantare ta. Dole a sake ɗumama ta kaɗan, a bi launin da ke tafiya a jikin ƙarfen da ido, a tsayar da shi a daidai wurin. Idan an zarce, baki zai riƙa naɗewa. Idan an gaza, zai riƙa ɓarewa, ɓarɓashin kuma ya tafi cikin naman mutane. Wuƙar sara ta fi ta fiɗa wuyar sha'ani ta wannan fuska, domin ana so bakinta ya yi tauri, bayanta ya zauna da laushin da zai shanye duka. Duk wannan da ido ake yi, cikin inuwar rumfa, ba ma'auni. Shi ya sa maƙeri ɗaya zai iya fitar da wuƙa biyu rana ɗaya, ɗaya ta shekara goma tana aiki, ɗaya ta karye kafin Sallah.

Kuma daga waje ba a bambancewa. Wuƙaƙen da ake zubawa a tire da baro ana gab da Babbar Sallah, lokacin da kowane magidanci ya tuna yana da rago amma ba shi da abin yanka, da yawansu kamannin kawai suka ɗauko. An buga su da gaggawa daga ƙarfen da ya samu, an goga baki ya yi haske. Mai layya ya saya, ta dakushe a haƙarƙarin farko, ya yanke hukunci cewa ƙirar gida ba ta da inganci. Mahauci bai faɗa wannan rami ba domin shi ba wuƙa kawai ya saya ba, ya san wanda ya yi ta. Idan baki ya naɗe zai mayar, a sake ba ta ruwa. Idan ƙota ta tsage a sa wata. Idan washi ya cinye faɗinta, a rage ta ta koma ta yankan tsire. Cinikin bai ƙare ranar biya ba, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da ke riƙe da sana'ar, fiye da arha.

Mallakarta kuma hidima ce. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913, ya koya wa matan gida jefa wuƙa cikin ruwan wanke-wanke su manta. Baƙar wuƙa ba ta yafe wannan. Ta kwana da jini ko ruwan tumatir, da safe ta yi ja. Sai an wanke, an tsane, an shafa mata kitse ko man gyaɗa. Mahauta suna wasa ta a dutse da ruwa. Masu injin washi da ke yawo kuwa, idan suka danna ta har baki ya yi shuɗi, sun ƙone ruwan da maƙeri ya ba ta, kuma ba ya dawowa sai an koma wuta. Akwai aibin da masu yabonta ba sa so a faɗa: tsakanin ƙarfe da ƙota, musamman wadda aka naɗe da roba, wuri ne da jini da maiƙo ke taruwa, ruwa ba ya kai musu. Ta wannan gefen wuƙar kanti mai ƙotar da aka narka a jikinta ta fi tsafta, kuma gyaran bai fi ƙarfin maƙeri ba, da za a matsa masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin alama. Maƙerin da ya iya ban ruwa da wanda bai iya ba, kayansu iri ɗaya ne a idon baƙo, saboda haka farashin na banza ne ke jan na kirki ƙasa. A Japan, maƙeran Sakai suna sassaƙa suna a jikin wuƙa, sunan kuma shi ake saye. Nan ɗan tambari da za a buga da kurfi tun ƙarfe yana ja ba zai ci minti guda ba. Wani zai ce maƙeri yana da dalilin ɓoye hannunsa, tunda 'yan sandan Kano sun sha gargaɗin maƙera kan ƙera wa 'yan daba makamai, kuma ba mai son a tsinci sunansa a wurin da aka yi aika-aika. Tsoron gaskiya ne. Amma wuƙar sara mai faɗi, marar tsini, ba ita ɗan daba ke sokewa a ƙugu ba, kuma a cikin duk abin da ke fita daga maƙera ita ce ta fi sauƙin sa wa suna.