Ranar Ƙauyawa: Tufafin Kakanni Muke Ɗinkawa Ko Dariya Muke Musu?

Duk wanda ya leƙa shagunan telolin unguwar nan bayan Sallah, lokacin da bukukuwa ke yawa, zai ga sabon ciniki ya buɗe. 'Yan mata na kawo saƙi, ko yadin kanti mai zanen saƙi, su ce a yi musu "irin na da". Wasu ma ba sa zuwa wurin tela. Sun sayi keke sun ajiye a ɗaki, suna ɗinka wa kansu da ƙawayensu don sha'awa, su ɗora hoto a Instagram da TikTok. Yawanci saboda ranar ƙauyawa ta biki ne, sai kuma ranar al'adu ta makarantu.

Mu fara da yabo, don yabon gwani ya zama dole. Yarinyar da aka haifa a Limawa ko Kwangila, wadda Kano da Katsina sai dai ziyarar Sallah, ta zauna ta ɗauki allura don ta yi kama da kakar kakarta, ai abin a sa mata albarka ne. Wasu ɗinkunan ma, wallahi, hannu ya faɗa. To amma in muka tsaya muka dubi abin da ake ɗinkawa, da yadda ake sa shi, akwai gyara, kuma ba ƙarami ba.

Na farko sunan kansa. Wa ya ce mana saƙi kayan ƙauye ne? Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Ya kuma yaba rigunan Nufe da ake kawowa kasuwar Kano, musamman rigar saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Wannan fa rigar masu hali ce, ta attajirai da sarakai da manyan malamai. Yau mun ɗauko ta mun haɗa da yagaggiyar malafa, mun shafa wa haƙori gawayi, muna magana da karyayyen harshe don a yi dariya. Wanda ya ga hoton sai ya ɗauka kakanninmu wawaye ne marasa tsafta.

Kuma mu tuna inda muke zaune. Iyayenmu layin dogo ya kawo su, layin Baro da ya isa Kano a 1911, suka tarar da Gwarawa a ƙasarsu suna noma. Doyar da muke saya a Kasuwar Gwari daga ƙauyukan da ke kewaye da Minna take fitowa. Baƙon da ya mai da mutumin ƙauye abin dariya a ranar farin cikinsa, me yake koya wa 'ya'yansa game da masu masaukinsa?

Na biyu shi ne kwamacala. Za ka ga yarinya ɗaya: rigar sama mudukare ta Fulani, zane na Nufe, ƙwarya a kafaɗa irin ta matan Gwari, sannan an ja mata zane a fuska da jagira, bille ba bille ba, kalangu ba kalangu ba. A da zanen fuska takardar shaida ce. Da ganin Bagobiri an san shi, da ganin Bakabe an san shi. Haka tufafi: akwai na budurwa, akwai na matar aure, akwai na goyo, akwai na fada. In an tambayi mai ɗinkin, "Wannan shigar ta wane gari ce, ta wane zamani?" sai ta ce, "Ta gargajiya ce dai." Haba! Gargajiyar wa?

Ba mu kaɗai ke wannan sha'awa ba. A garin Bath na Ingila, duk watan Satumba mutane na taruwa bikin tunawa da marubuciya Jane Austen, sanye da rigunan zamaninta na farkon shekarun 1800, da yawansu su suka ɗinka da hannunsu. Abin koyi a wurinsu ɗaya ne: kafin mace ta sa almakashi sai ta binciki tsohuwar riga, ta san inda ɗamara take tsayawa a wancan zamani da irin yadin da ake amfani da shi. Ba ta yin shigar don a yi wa kakarta dariya. Mu kuwa da muke da abin da ya fi wuyar aiki, mun tsaya a kwaikwayon gani.

Dubi babbar riga ta da. Masaƙi zai saƙa siraran layuka masu faɗin 'yan yatsu, a harhaɗa gommansu da allura kafin a sami jikin riga. Marina su tsoma ta a baba sau da yawa in kore ake so, sannan 'yan bugu su buge ta da shuni har ta riƙa ƙyalli. Zaren aikin kuwa ko tsamiya, wato sillikin da ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji, ko alharini ja da fatake ke ƙetaro Sahara da shi. Malami ne ke zana fasalin aikin da alƙalami da tawada, sannan mai ɗinki ya zauna wata da watanni yana cikewa. Kowane zane da sunansa: aska biyu, aska takwas da ke saukowa kan aljihu ta hagu, tambari mai zagaye a ƙirji da baya, gidan biyar, linzami a wuya, sai shafi a ƙasan riga ta ciki. Irin wannan riga ita sarakuna ke kyauta da ita, kuma har yau ba a naɗi sai da rawani da sutura. Nawa ne cikin samarinmu masu shigar ƙauyawa za su iya nuna tambari a jikin riga?

Abin takaicin shi ne ilimin nan ba nisa gare shi ba. Bida tana nan, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Baturen nan Nadel, a littafinsa na 1942 kan ƙasar Nufe, ya ba da labarin malaman Bida masu neman abinci da aikin riga. A birnin Zariya mata sun karɓi aikin hannu a cikin gidajensu tun shekarun 1970. Marinar Ƙofar Mata tana nan a Kano, Gidan Makama ma yana nan. Littafin Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, bakin tsohuwar Bahaushiya ce tana faɗin yadda aka yi aure da biki a zamaninta. Kai, ba sai an je ko'ina ba ma. A unguwar nan akwai tsofaffin da in aka lallaɓa su za su buɗe adaka su fiddo gwado da fatala da murjani da tsakiya, su faɗi wadda ta ba su da ranar da suka ɗaura.

Akwai kuma ƙorafin iyaye da malamai kan ɗaurin ƙirji a bainar jama'a, ga maza ga masu hoto. Nan ma sanin tarihi zai raba gardama. Matar aure ta birni ba ta fita haka. Zane take ɗaurawa, ta yafa wani babba ta lulluɓe har ka. Wadda ta ɗinka shigar yadda take ta sami kyau, ta sami sutura, ba ta kuma yi wa kakarta ƙarya ba.

Don haka ga shawararmu ga masu keke da telolinmu. Kafin a yanka, a zaɓi gari ɗaya da zamani ɗaya, a tambayi tsohuwa ɗaya. In yadin kanti ne a ce na kanti ne, kada a sayar wa amarya da sunan saƙi. Masu hali su sayi na masaƙa ko da zane ɗaya ne, don in ba mai saye, ɗan masaƙi acaɓa zai kama, kuma ba mai ganin laifinsa. Makarantun unguwa su riƙa sa kowane yaro ya faɗi sunan abin da ya sa da garin da ya fito, a ba da kyauta kan wannan, ba kan wanda ya fi ba da dariya ba. Sunan ranar kuma a sake shi. Ranar kakanni ta fi dacewa.

'Ya'yanmu a Minna aka haife su, kuma yawancin abin da za su sani game da mutanen da suka fito daga cikinsu, a irin waɗannan ranaku za su gani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tunda mun ɗauki allurar, mu ɗinka musu gaskiya.