Titin Waff da Masaukin Hamdala

Hausawa sun ce suna linzami ne. Duk wanda ya bi babban titin nan na Kaduna da ake kira Waff, ya tsaya a ƙofar Hamdala, zai iske sunaye biyu suna duban juna, kowanne yana ba da labarin zamaninsa.

Waff ba kalmar Hausa ba ce. Haruffan farko ne na sunan rundunar da Ingilishi suka kafa a 1897 don tsaron ƙasashen da suka mallaka a Afirka ta Yamma, Lugga ne kuwa shugabanta na farko. Sojan nan su suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Bayan an taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai titin ya gaji sunansu.

Hamdala kuwa masauki ne da aka gina a zamanin Firimiya, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, don manyan baƙin Jihar Arewa. Lalle wanda ya zaɓi sunan nan ya yi hikima. A kan titin da ke tuna ranar da aka ci ƙasa da bindiga, sai ga gini yana yi wa Allah godiya da samun mulkin kai.

Daga baya hukuma ta sāke wa titin suna, ya koma Muhammadu Buhari. Girmama shugaba ba laifi ba ne, amma akwai abin dubawa. Sāke allo aikin yini guda ne, har yanzu kuwa direbobi Waff suke cewa. In an shafe tsohon sunan sarai, yaro ba shi da dalilin tambayar yadda Turawa suka shigo, ma'anar Hamdala kuma ta ragu da rabi.

Aiki mai wuya shi ne riƙon gini. Ba nisa da nan aka gina masaukin Durbar saboda hawan daba na bikin al'adu na 1977. Aka yi shekaru ana shari'a a kansa yana lalacewa, har aka rushe shi a 2020. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Kaduna su lura da Hamdala, gama allo ana iya sāke rubuta shi gobe, amma ginin da ya faɗi ya tafi da shaidarsa.