Wasiƙar Dijkstra da Al'adar Taƙaitaccen Hukunci

A cikin nau'o'in rubutu da ma'abota ilmin kwamfuta suka gada daga magabatansu, kaɗan ne suka kai gajeriyar wasiƙar ra'ayi tasiri, wadda masani kan aika wa mujalla, ya yanke hukunci kan mas'ala guda cikin shafi ɗaya, ya bar jama'a da muhawara shekara da shekaru. Mafi shahara a wannan babi ita ce ta Edsger Dijkstra, masanin ƙasar Holan, wadda mujallar Communications of the ACM ta buga a watan Maris na 1968, inda ya soki umarnin nan da ake kira goto, mai sa na'ura ta tsallake daga layin da take kai ta dira a wani layi dabam.

Hujjarsa mai zurfi ce, domin ya lura cewa hankalin ɗan Adam ya fi iya riskar abin da ke shimfiɗe a rubuce bisa ga abin da ke gudana cikin lokaci. Saboda haka wajibi ne rubutun manhaja ya yi kusa da yadda aikinta ke tafiya, ta yadda mai karatu, in ya ɗora yatsa a kan layi, zai san inda na'ura ta kai da abin da ta riga ta aikata. Tsallake barkatai shi ke tsinka wannan alaƙa.

Sai dai Dijkstra maƙala ya aika, da take mai sassauci, edita Niklaus Wirth kuwa, don a gaggauta bugawa, ya mai da ita wasiƙa, ya raɗa mata sabon take mai cewa goto abu ne mai cutarwa. Taken nan ne ya shiga bakin ɗalibai, har ya zama fatawar da ake karɓa bisa taƙlidi ba tare da neman dalilinta ba. A nan, a ganina, aibin wannan nau'in rubutu yake, gama taƙaitawa kan sa hukunci ya yi gaba ya bar hujja a baya, alhali duk wanda ya zauna gaban malami ya san ba a karanta Muhtasar sai da sharhi.

Sharhin ya zo a 1974 daga Donald Knuth na Jami'ar Stanford, wanda ya bi misalai ɗaya bayan ɗaya cikin kimanin shafi 40, ya amince da asalin maganar, amma ya nuna wuraren da goto ke ƙara wa manhaja sauri ko bayani; duk da haka a 1987 wasiƙar wani mai suna Frank Rubin ta sake ta da ƙurar a mujallar da ta buga ta Dijkstra. Har yau kuwa masu rubuta cibiyar manhajar Linux da harshen C suna amfani da goto in kuskure ya auku, su tsallaka gaba zuwa wuri guda sananne inda ake mayar da abin da aka ara daga na'ura, kuma mai karatu ba ya ɓata hanya a irin wannan tsalle.