Damisa, Gwanar Hawa da Kaya a Baki

Damisar da nauyinta bai wuce kilo 60 ba takan kashe barewa mai nauyi kusan nata, ta cije wuyanta, ta ja ta tsakanin ƙafafunta na gaba har gindin bishiya. A nan ne aikin yake farawa. Sai ta ɗaga kai ta auna gwafar da take so, ta yunƙura ta rungumi gangar bishiyar, ta haye da gawar tana reto a bakinta.

Jikinta duk don wannan aiki aka shirya shi. Faratanta suna ɓoye a cikin dagi lokacin da take tafiya, ƙasa ba ta dakusa su, sai an zo hawa su fito su nutse cikin ɓawon itace. Ƙafafun gaba su riƙe, na baya su tura, wuya da kafaɗu su ɗauki nauyin kayan. Doguwar wutsiyar nan kuwa ita ke daidaita ta a kan reshe. Idan ta isa, sai ta cusa naman a gwafa yadda ba zai zame ba, ta yi kwanaki tana ci tana barci a gefensa.

Dalilin wannan wahala ba wani ba ne illa maƙwabta. Damisa ita kaɗai take farauta, kura da zaki kuwa taron dangi suke yi mata, su ƙwace abin da ta sha wuya a kai. Kura ba ta hawa, sai dai ta zauna a ƙasa tana jiran ƙashi ya faɗo.

Shi manyan dawa fa? Yana hawa, amma hawan ɗan koyo. A yankin Ishasha na gandun dajin Sarauniya Elizabeth a Yuganda, da gandun tafkin Manyara a Tanzaniya, zakuna sun yi suna wajen kwanciya a kan rassa da tsakar rana, ƙafafu na lilo. Na Ishasha baure suka fi so, don rassansa masu kauri ne kuma a kwance. Masana na ganin gudun zafin ƙasa da cizon ƙudaje ne ke kai su sama, 'ya'ya kuma suna gani suna koya. To amma namijin zaki yakan kai kilo 190, kuma wajen sauka asirinsa ke tonuwa: ya yi ta jinkiri, ya sulalo da baya yana kartar ɓawo, daga bisani ya juyo ya diro tim. Damisa kuwa kai take sa wa gaba ta gangaro abinta. Ko zaki ya biyo ta sama, sai ta koma siririn reshen da ba zai ɗauke shi ba.

Sarautar ƙasa dai ta zaki ce, amma a kan bishiya damisa ba ta da na biyu a dajin Afirka.