Digirin Rainon Yara da Yaron Dutsi: Sharhi a kan Manhajar Babban Digiri

Wannan takarda za ta duba irin horon da jami'o'inmu ke bai wa masu neman digiri na biyu a fannin ilmin ƙananan yara, ta kuma auna shi da halin yaron Dutsi a jihar Katsina.

A 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce a koyar da yaro ɗan ƙasa da firamare da harshen uwa ko na mutanen da yake zaune cikinsu. Dokar UBE ta 2004 kuma ta shigar da rainon yara cikin ilmin bai-ɗaya. Amma ɗalibin babban digiri yakan ƙare karatunsa da Froebel da Montessori da Piaget a ka, duk da Turanci, bai taɓa zama ya nazarci makarantar allo ba, alhali kuwa a nan ne yaron Dutsi ke fara zama gaban malami, ya koyi hadda da riƙon alƙalami. Ba mu raina waɗannan masana ba. Sai dai Montessori ta gina ra'inta ne a kan yaran wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, watau ta fara da yaran da ke gabanta. Mu fa, ina namu?

Kayan aikin ba su ɓuya ba. Akwai tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa da na reno, kuma kowannensu yana horar da harshe da tunani. Binciken Enid Schildkrout a kan yaran Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda talla da aike ke koya wa yaro lissafi da hulɗa da manya. Shirin Ife na shekara shida, wanda Farfesa Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya gwada koyarwa da Yarabanci ya kuma ci nasara. Wannan ya isa ishara ga masu Hausa.

Abu na biyu shi ne kundin bincike. Yawanci takardun tambayoyi ake raba wa malaman makarantun kuɗi na birni, a jera alƙaluma, a ɗaure, a ajiye a kanta. Da wuya a ga wanda ya yi ko da zango guda yana zaune a aji a ƙauye, balle ya tambayi yadda ɗan Fulani mai Fulatanci ke ƙarewa a ranarsa ta farko.

Shawararmu ita ce a wajabta zaman aji na zango guda a karkara kafin a amince da batun kundi, a kuma yarda ɗalibi ya rubuta shi da Hausa in ya so.