Yaro bai ɗaura takalmi ba, kun riga kun ba shi maki

Wannan ɗabi'a ta bai wa ƙungiya maki a ranar da ta sayi ɗan wasa ta ishe ni, kuma yau sai na faɗi abin da ke raina. Da zarar an rufe kasuwar 'yan wasa ta Turai, kowa sai ya ɗauki jan biro. Arsenal tara bisa goma, Chelsea bakwai, Man United uku. Yaron da ake magana a kansa jiya-jiya ya gama gwajin lafiya, bai haddace sunayen abokan wasansa ba, iyalinsa ba su ma kwance kaya ba, amma daga Kasuwan Magani zuwa Kufana har Kafanchan an gama yanke masa hukunci. Haba jama'a, ina ake irin wannan riga malam masallaci?

Kun san yadda abin yake a gidajen kallonmu. Mai gida ya rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo, janareta na ta ruri a baya, saura rabin awa a take wasa. Sai wani matashi ya zaro waya mai tsagaggen gilashi, kawuna goma su taru a kanta. Bidiyo ne na minti uku, an ɗora masa kiɗa, yaro yana ta yanke mutane yana zura ƙwallo.

"Baba, dubi yanka! Wallahi wannan ya fi ƙarfin Firimiya."

"Ɗana, ka taɓa kallon wasansa ɗaya daga farko har ƙarshe?"

"A'a baba, amma ai ga shi nan kana gani."

Abin da nake gani shi ne minti uku da wani ya tsinto daga wasannin shekara biyu. Bai saka inda yaron ya zubar da ƙwallo ba, bai saka inda ya tsaya yana kallo abokan hamayya suka wuce ta gefensa ba, bai saka ranar da koci ya cire shi tun kafin hutun rabin lokaci ba. Ko mai tsaron bayan ƙungiyar unguwarmu, in aka bi shi da kyamara shekara biyu, za a samu minti ukun da za su sa a ce a kai shi Madrid. Da wannan ake ba da maki tara.

Wanda ba shi da bidiyo kuma da farashi yake aunawa. In an kashe kuɗi da yawa, an yi saye. In kuɗin kaɗan ne, ƙungiya ta yi rowa, an kwaso kwantai. 'Yan Man United, ku yi haƙuri, da ku zan fara. A 2022 kun biya Ajax sama da fam miliyan 80 a kan Antony. Wasansa na farko ya ci Arsenal, ya kuma ci ƙwallo a wasanninsa uku na farko a gasar. Wa ya isa ya yi muku magana a lokacin? Zuwa Janairun 2025 aro kuka ba da shi ga Real Betis. Arsenal, kada ku yi dariya, fam miliyan 72 kuka zuba a kan Nicolas Pepe a 2019. A ɗaya gefen, Leicester ta ɗauko N'Golo Kante daga Caen ta Faransa a 2015 a kan kuɗin da bai kai fam miliyan 6 ba. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi a nan. A kakar ya ɗauki kofin Firimiya da Leicester, a ta gaba ya sake ɗauka da Chelsea.

Wannan cuta ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Inda ta fi ƙamari shi ne Amurka, a wasansu na ƙwallon da ake runguma a hannu ana gudu da ita, wanda Christian Okoye ɗan Enugu ya yi suna a cikinsa da ƙungiyar Kansas City. Su ba sayen matasa suke yi ba, zaɓe suke yi. Duk watan Afrilu ƙungiyoyi 32 na gasar NFL suna zama su zaɓi yaran da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Kafin gari ya waye masu sharhi sun raba maki daga A zuwa F, alhali yaran ba za su buga wasan gasa ba sai Satumba. Sakamakon fa? Tom Brady shi ne na 199 da aka zaɓa a 2000, ya kuma yi ritaya da kofin gasar bakwai. JaMarcus Russell shi aka fara ɗauka a 2007, kaka uku ya yi aka sallame shi. Ƙungiyar Seattle ta sha zagi a kan zaɓenta na 2012, har da masu ba ta maki mafi ƙasƙanci, sai ga shi da waɗannan yaran, irin su Russell Wilson da Bobby Wagner, ta ɗauki kofi a Fabrairun 2014. Shi ya sa masu hankalin cikinsu suke cewa sai zaɓe ya shekara uku ake auna shi. Mu mun ari rabon makin, mun bar musu shekara ukun.

Ba sai mun je da nisa ba ma. Ku ɗauki Victor Moses, wanda ya taso a Kaduna. Chelsea ta saye shi daga Wigan a 2012 a kan kimanin fam miliyan 9. Wane maki za ku ba wannan sayen? Ku faɗa mini a wace shekara nake tambaya tukuna. In a 2013 ne, yaro ya ɗauki kofin Europa da ƙungiyarsa, ya ɗauki kofin Afirka da ƙasarsa, za ku ce takwas. In a 2015 ne, Mourinho ya dawo, an ba da shi aro ga Liverpool, an ba da shi ga Stoke, an tura shi West Ham, za ku ce biyu, asarar kuɗi. Sai 2016 ta zo. Arsenal ta lallasa Chelsea da ci 3 da nema a watan Satumba, Antonio Conte ya sauya tsari ya koma masu tsaron baya uku, ya nemi wanda zai riƙe masa gefen dama gaba ɗaya, ya tsare baya ya kuma kai hari. Ya waiga ya ga Moses. Chelsea ta ci wasa 13 a jere, ta ɗauki kofi da maki 93, Moses na cikin waɗanda ba a taɓa wurinsu. Ƙafafunsa ba su sauya ba tsakanin 2015 da 2017. Abin da ya sauya shi ne an samu kocin da ya san inda zai ajiye shi. To wanda ya ba da maki a ranar da aka saye shi, ta ina zai san Conte na tafe bayan shekara huɗu?

Akwai kuma laifi na biyu, wanda ya ma fi na farko ba ni haushi, wato yin amai a lashe. Mutumin da ya ba da tara a watan Agusta, shi ne zai miƙe a watan Disamba yana buga ƙirji: "Tun farko na faɗa muku yaron nan ba ɗan ƙwallo ba ne." Ba kunya, ba tsoron Allah. Ya ga sakamako, ya koma baya ya gyara hukuncinsa. Irin waɗannan su ne ke cewa ai sakamako kaɗai ake dubawa: in ɗan wasa ya yi kyau an yi dabara, in ya lalace an yi wauta. Ni ban yarda ba.

Ga Sadiq Umar, shi ma ɗan Kaduna. Ya sha yawon aro daga Roma, ya je Rangers ta Scotland abin bai yi ba, ya farfaɗo a Partizan, ya zo Almeria yana cin ƙwallaye ba ƙaƙƙautawa har suka hau babbar gasar Sifaniya. A 2022 Real Sociedad ta sayar da Alexander Isak ga Newcastle, tana neman mai cin ƙwallo wanda ya san ƙasar, ta ɗauki Sadiq a kan yuro miliyan 20. Wasansa na farko ya ci Atletico Madrid. Ba a yi kwana goma ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakar ta tafi gaba ɗaya. Yanzu ku gaya mini, shugabannin ƙungiyar wauta suka yi? Duk wanda ya noma citta a ƙasar nan ya san amsa. Manomin Kachia da ya zaɓi iri mai kyau a 2023, ya gyara gona, ya shuka a kan lokaci, ya rufe da ciyawa, ya sa taki, sai annobar nan ta zo ta ruɓar da cittar a cikin ƙasa, ba wanda zai ce masa bai iya noma ba. Maƙwabcinsa da ya yi sakaci amma cutar ta tsallake gonarsa, shi ma ba gwani ya zama ba. Zaɓi daban, rabo daban, kuma mai ba da maki da bai iya raba su ba ya ajiye biron.

In dai har sai an auna saye a ranar da aka yi shi, to abin da shugabanni suka sani a ranar za a auna. Ƙungiyar tana da buƙatar mai buga wannan wurin, ko tana da uku a benci ta ƙaro na huɗu don a rufe bakin magoya baya? Kocin ne ya nema, ko saya aka yi aka ajiye masa? Yaron ya saba da irin wasan da za a sa shi, ko za a ɗauko mai son fili a gabansa a kai shi inda abokan hamayya ke tarewa su goma a bakin raga? Yaya tarihin rauninsa? In abin bai yi ba, za a iya sayar da shi, ko albashinsa ya fi ƙarfin kowa? Wanda ya amsa waɗannan ya ba da makinsa, zan saurare shi ko ban yarda da shi ba. Amma a majalisunmu ban cika jin ɗaya daga cikinsu ba. Abin da nake ji shi ne ɗan jarida Fabrizio Romano ya sanar, kuɗi kaza ne, ga bidiyo.

Na san abin da za ku ce: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma ai hira ce, ba kotu ba. Na yarda akwai sayen da ba ya buƙatar jira, wanda ya ga Haaland ya shiga Man City a 2022 bai yi laifi ba da ya ce za a sha ƙwallaye. Na kuma yarda watannin da babu wasa suna da tsawo, dole baki ya samu abin taunawa.

Sai dai hirar ba ta tsayawa a kan Turawa da 'yan Brazil da ba su san muna yi ba. Tana dawowa kan yaranmu, su kuwa suna karantawa. Ku tuna tawagarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 da ta ɗauki kofin duniya a Chile a 2015. Kelechi Nwakali ne gwarzon gasar, Victor Osimhen ya ci ƙwallo goma. Nwakali ya tafi Arsenal, aka yi ta murna, an ce ya dace da babbar ƙungiya. Bai taɓa buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Osimhen ya tafi Wolfsburg, ga rauni ga rashin lafiya, bai ci ko ƙwallo ɗaya ba, aka ce ya ƙare, ɗan gasar yara ne kawai. Yaro ɗan shekara 19 fa ake cewa ya ƙare. Ya karɓi aro zuwa Charleroi ta Beljiyam, ƙungiyar da yawancinmu ba mu taɓa kallon wasanta ba, daga nan Lille, daga nan Napoli. A 2023 ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, Napoli ta ɗauki kofin da ta shekara 33 tana nema, shi kuma ya zama gwarzon Afirka.

Haka aka yi wa kocinmu marigayi Stephen Keshi da ya fitar da sunaye 23 na kofin Afirka na 2013. Ya bar Osaze Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya ɗauki 'yan wasa shida daga gasar cikin gida. Zagin da ya sha ba kaɗan ba ne, ya kuma ƙaru da aka yi kunnen doki da Burkina Faso da Zambiya. Ɗaya daga cikin shidan nan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa ta su Drogba, shi kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo ta wasan ƙarshe a Johannesburg.

Abin da ya fi damuna, wannan saurin hukunci ya sauko har filayen makarantun firamarenmu. Koci ya zaɓi yara don gasar unguwanni, ya saka sabon yaro siriri daga ƙauye a tsakiya, yaro ya zubar da ƙwallo biyu a minti goman farko, sai manya da gemunsu su fara ihu daga bakin layi: "Koci, cire shi! Ina ka samo wannan?" Yaron yana ji, ƙafarsa ta ƙara rawa. Wani ba ya sake dawowa atisaye. Kocin da ya shafe wata guda yana kallon yaron safe da yamma ya ga abin da mai ihun bai gani ba, amma muryar mai ihu ta fi tasa ƙarfi.

Saboda haka, 'yan majalisa, ga sharaɗina a wannan kakar. Duk mai son ba da maki ya bayar, ban hana kowa ba. Amma ya rubuta shi a shafin nan da sunansa da kwanan wata, ya faɗi dalilinsa a layi biyu, ya kuma faɗi wasa nawa na yaron ya kalla cikakke. Ba gogewa, ba gyarawa. Wanda bai rubuta ba, in Disamba ta zo ya ce mini "tun farko na faɗa", zan ce masa ya nuna mini inda ya faɗa.